Kunkurun da na kai wa Lawban tsaraba

Gidan da na fi daɗewa a cikinsa a Guangzhou yana wani lungu ne a Dengfeng, bayan shagunan waya da na masu canji. Bene ne mai hawa shida, ba lif. Ni da wani Alhaji mutumin Damagaram muke haya a hawa na huɗu, mai gidan da matarsa suna na shida, daga su sai kan soro. Sana'ata a lokacin haɗa wa mutane kaya. Ɗan kasuwa ya zo daga Kano ko Sakkwato, in raka shi manyan kantunan tufafi na titin Guangyuan, mu yi ciniki, in tattara masa dilolinsa a sito har a loda kwantena a kai ta tashar jirgin ruwa ta Nansha. Ban yi karatu mai zurfi ba, sakandare ma ban ƙarasa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Cikin shekara biyu ina jin Sinancin kasuwa ina mayarwa, har faɗa nake yi da direbobi da shi.

Mai gidan namu tsoho ne siriri, ya yi ritaya daga wata masana'antar keken ɗinki. Lawban muke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk mai shago a garin, shi kuma ya ce mana fangyo, wato aboki. Matarsa kuwa Ayi muke ce mata, kamar ka ce gwaggo. Gajera ce mai murya, tana hawa na shida za ka ji tana yi masa faɗa kana na uku.

Shanyar darduma ce ta fara kai ni kan soron. Na tura ƙofar ƙarfe na ga bahunan roba sun fi goma a jere ƙarƙashin wata rumfar leda, ko wanne da ɗan ruwa da dutse a tsakiya, a kan ko wane dutse kuma kunkuru ya miƙe wuya yana shan rana. Lawban na tsugune da buroshin goge baki yana wanke wa ɗaya baya. Ya ɗago ya dube ni, ya nuna min wata 'yar kujerar roba. Zaman da na yi ranar shi ya zame min ɗabi'a. Duk ranar da na dawo kasuwa da wuri, in na yi la'asar sai in hau, ya zuba min shayi a wani ɗan kofi da bai fi kurɓi biyu ba, mu zauna muna kallon dabbobin da ba sa sauri.

A cikinsu akwai wanda ba ya cikin jeri. Bahonsa yana bayan tankin ruwa, inda sai ka san wurin za ka leƙa. Bai fi tafin hannu da rabi ba, kansa ruwan ɗorawa, bayansa da baƙin zane uku, shi ya sa na raɗa masa Mai Zane. Lawban ya ce a wani rafi na ƙauyensu ya kama shi yana saurayi, ya shigo da shi birni a cikin kwanon abincinsa tun kafin ya yi aure. Ayi takan ce ya girmi ɗansu, kuma ya fi ɗan nasu cin mai kyau. Ƙananan jatan lande Lawban yake ba shi da tsinken cin abinci, ɗaya bayan ɗaya. Na sha gwadawa, in na miƙa sai ya shige da kansa ciki. Hannun tsohon kaɗai ya sani.

Ranar Lahadi abokansa suke zuwa, tsofaffi huɗu ko biyar, kowa da bokiti a rufe da tawul. Su baje kunkurayensu a ƙasa, a yi ta juya su ana duba launi ana gardama, kamar dillalan raguna ana gobe Sallah. A wurinsu na fara ganin takardar kunkuru. Kowa yana da 'yar jaka ta takardu da aka like a leda, da hatimi ja, masu nuna cewa dabbar a gonar kiwo mai lasisi aka ƙyanƙyashe ta. Wanda aka kamo a daji kuwa, in irin da doka ta kare ne, riƙe shi laifi ne, kuma akwai ma'aikata masu kaki da aikinsu ke nan, irin waɗanda muke ce wa malaman daji a gida.

Tsofaffin nan suna da dabarunsu na zama da dokar. A waya ba sa kiran kunkuru da sunan jinsinsa, sai dai ka ji ana cewa kabewata ta ƙi cin abinci, ko albasar wane ta yi ƙwai. In aka ji ƙishin-ƙishin ana zagaye a wata unguwa, sai bahuna su tafi hutu ƙauye wajen dangi. In kuma mai takarda ya mutu, ba a yar da takardarsa, ajiyewa ake yi, wataƙila wata rana ta rufa wa wani asiri. Mai Zane ba shi da takarda, don ya riga dokar zuwa gidan. An sha ba Lawban shawarar ya kai shi a yi masa rajista, ya ƙi, yana tsoron in ya kai ba za a dawo masa da shi ba. Shi ya sa yake bayan tanki.

Ni duk abin dariya yake ba ni. Wata Lahadi ɗaya daga cikinsu ya kawo wani kunkurun tudu mai ruwan ƙasa, ƙafafunsa da ƙaya-ƙaya, yana ta tattalinsa kamar jariri. Ina gani na gane shi.

Na ce, "Ai wannan namu ne. A garinmu a tsakar gida yake yawo, kaji na hawa kansa."

Suka bushe da dariya. Mai kunkurun ya ce, "Fangyo, raƙumi ma a aljihu kuke sa shi ko?"

Na ji haushin dariyar fiye da yadda ya kamata. A nan Lawban ya gaya min shi ma ya taɓa mallakar irinsa, ɗan gonar kiwo, amma danshin garin ya kashe shi a shekara ta biyu. Ya faɗa yana kallon ƙasa, na lura abin yana ransa.

Da Babbar Sallah ta zo na je gida. A ƙauyenmu, arewa da Kano, na tarar da wani ɗan kunkuru a tsakar gidan Innata, girmansa kamar murfin ƙaramar tukunya. Wani manomi ne ya tsinto shi a gona ya kawo wa jikokinta. An huda gefen ƙoƙon bayansa ta wajen wutsiya da basilla, an zura igiya an ɗaure a gindin zogale, yadda ake yi a ko ina a wajenmu don kada ya shige gidan maƙwabta ko ya faɗa rijiya.

Mu kuma ba a koya mana komawa hannu rabbana wajen mutumin da ya shekara biyu yana ba ka shayi ba. Tafiyar farko kilishi na kai masa, ba shi da haƙoran ci. Ta biyu turare, Ayi ta ce yana sa mata ciwon kai. Ina zaune ina kallon kunkurun nan yana jan igiya, sai na ji na samo tsarabar da ta dace, wadda kuma za ta rufe bakin masu dariya.

Na ce, "Inna, ki ba ni wannan in kai wa mai gidana."

Ta ce, "Ɗauki mana, ai ka raba ni da wahala. Ya cinye min yakuwa tas. Su can ci suke yi?"

"A'a, kiwo. Har takarda ake yi masa."

"Takarda? Kunkurun?" Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "To a sa shi makaranta ma."

Yadda na shigo da shi ƙasar ba zan faɗa ba, don kada wani ya kwaikwaya. Abin da zan faɗa shi ne ba rashin sani ne ya sa ni ba. Na zauna da tsofaffin nan, na ga takardunsu, na ji tsoronsu da kunnena. Na sani na take.

Alhaji ne ya fara ganinsa, ina buɗe kaya a ɗaki. Ya ja da baya ya yi salati.

"Kai Bakano! Mutane na shigo da citta da daddawa, kai ka ɗauko ɗan'uwanka? In aka kama ka kada ka ce ka san ni."

"Haba Alhaji, kunkuru ne fa."

"Na ga kunkuru ne. Shi ya sa na ce ɗan'uwanka. Dubi wuyan."

Daga ranar sunansa ya zama Ɗan Kano.

Na jira Lahadi, sai da abokan suka hallara, sannan na hau da shi a kwali na ajiye gaban Lawban. Duk suka miƙe. Suka zagaye shi, wanda ya yi min maganar raƙumi har da cire tabarau. Ƙoƙon bayan 'yan gonar kiwo yakan yi tudu-tudu, na wannan kuwa sumul yake kamar an shafe shi da hannu. Lawban ya ɗaga shi ya juya, sai yatsansa ya tsaya a kan hudar.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

"Mahaifiyata. Wurin igiya ne."

Ya ci gaba da shafa hudar da yatsa. Ayi da ta kawo ruwan zafi ta faɗi wata magana da sauri da yaren garin, wanda ba na ji sosai, ta juya ta sauka. Sannan ya miƙe ya karɓa da hannu biyu, ya ce shiye-shiye, wato na gode, har sau uku. A lokacin na ɗauka murna ce ta hana shi ƙara wata magana. Sai daga baya na gane cewa na ɗaure shi ne. Mutumin da aka ba kyauta a gaban abokansa, in ya mayar, ya zubar wa mai kyautar da mutunci, shi kuma ba zai yi min haka ba. Da yamma da kowa ya tafi ya fito da takardar kunkurunsa da ya mutu ya nuna min, ya ce daga yau ta Ɗan Kano ce. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Hoto, meyo." Babu hoto. Na ce na ji.

Shekara huɗu da suka biyo baya su ne mafi daɗi a zamana na Caina. A karon farko akwai abin da na fi tsohon sani. Na ce masa wannan ba ɗan ruwa ba ne, rana yake so da busasshen wuri. Muka yi masa ɗaki da katakon kwantena a kusurwar da ta fi samun hantsi, muka shimfiɗa yashi da busasshiyar ciyawa, ya sa masa ƙwan lantarki mai ɗumi saboda watannin sanyi. Na hana a ba shi nama da ayaba. Kullum in zan dawo sai in biya ta wajen wata mata mai kayan miya in karɓi ganyen dankali da ɓawon kabewa, tun tana tambaya har ta koma ajiye min a leda.

Ya girma kamar ana hura shi. Daga murfin tukunya ya kai faranti, daga faranti ya kai tiren shayi. Ya koyi ture kujerar roba da mutum a kai. In na shimfiɗa darduma sai ya tako ya tsaya daidai inda zan sa goshi, Lawban ya zo ya ɗauke shi yana ba shi haƙuri da Sinanci, ya riƙe shi har in sallame. Watannin da garin ke jiƙewa, bango na tsatsafo da ruwa, riga ta kwana uku ba ta bushe ba, ɗakin Ɗan Kano kaɗai ne busasshen wuri a unguwar. Nakan sa kaina ciki in shaƙi warin ciyawar, in ji kamar rumbun harawar gidanmu. Daga nesa ana jin jirgin ƙasa yana fita tasha, ƙasa a lungu ana jin Hausa da Yarbanci da Faransanci suna tashi, ƙanshin miyar kuka daga gidan abincin wata 'yar Gana yana hawowa har sama. Lokacin Dengfeng cike take da mutanenmu, ba ka taku goma ba ka amsa sallama ba.

Alhaji yakan hau jefi-jefi, yana haki yana zagin wanda ya gina bene ba lif. Ya tsaya ya kama ƙugu ya dubi kunkurun.

"Ka ga ɗan garinku ya fi ka dabara. Ɗaki kyauta, abinci kyauta, ga takardar zama, ba ya zuwa sabunta biza. Kai kuwa kullum a layi."

"Ai ko a nan Bakano ya fi Badamagare samun shiga, Alhaji."

"Da takardar mamaci ba! Halinku ne."

Lawban ba ya jin ko kalma, amma sai ya yi ta dariya tare da mu.

Bayan annobar da ta rufe gari, aka tsananta kan duk abin da ya shafi namun daji. Abokan Lahadi suka koma zuwa ba bokiti, su sha shayi su tafi. Lawban ya ce zai kai Mai Zane ƙauye wajen ɗan ƙanensa, amma sanyi ya shigo, yana tsoron tafiyar mota ta taɓa shi. Ya ce bari sanyi ya wuce.

A cikin sanyin nan na karya alkawari. Akwai wani mai shagon wanduna a Guangyuan da muke hulɗa, matashi mai son nuna shi ma ya san kunkuru. Ya nuna min nasa a waya, wani ɗan ƙanƙani mai tudun baya. Bakina ya ƙi shiru. Washegari na ɗauki bidiyon Ɗan Kano yana cin ganye a hannuna, Lawban ya sauka ɗebo ruwa, na tura wa mutumin. Ban ce ya ɓoye ba. Shi kuma ya ɗora a intanet, ya rubuta cewa ga na asali daga Afirka a kan wani soro a Dengfeng. Fuskata ba ta fito ba, hannuna ne kawai, da allon wani otal da ke bayanmu.

Bayan kamar mako biyu, da hantsi, ina kan soron na kawo ganye, muka ji taku a matakala. Mutum biyu ne cikin kaki, mace da namiji, da wani ma'aikacin unguwa da ya rako su. Ba su yi tsawa ba, har gaisuwa suka yi. Macen za ta kai shekara arba'in, ita ke magana. Ta nemi takardu, Lawban ya miƙa mata jakar. Ta bi bahunan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa tana gyaɗa kai. Da ta zo kan Ɗan Kano sai ta durƙusa, ta shafa bayansa yadda wanda ya san dabba yake shafawa. Ta zagaya ta baya, ta ga hudar. Ƙoƙon ya girma amma hudar na nan, bakinta a goge inda igiya ta ci.

Ta ce, "Baba, gonar da ta ba da takardar nan ba ta huda kunkuru. Wa ya huda shi?"

Ya ce, "Ni."

"Da me?"

"Da ƙusa."

"Mai wanke musu baya da buroshi ne zai sa wa ɗaya ƙusa?" Ta faɗa a hankali, ba da izgili ba. Sannan ta juyo gare ni. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuna da ke riƙe da ganyen. "Malam, a ƙasarku ana ɗaure su da igiya ta nan?"

Na ji kowace kalma. Na tuna kwantenar mutane biyu da ke hannuna, na tuna bizata, na tuna labarin waɗanda aka ɗaure kan shigo da dabba. Na buɗe baki na ce, "Tin bu don," wato ba na ji.

Ta maimaita da Turanci. Na girgiza kai na ce Faransanci kawai, na ari ƙasar Alhaji a tsaye. Fasfona da ta karɓa ta duba kore ne na Nijeriya, ta gani, ta miƙo min abina. Lawban ya shiga tsakani, ya ce shekarun baya ya saye shi a hannun wani mai wucewa a bakin kasuwa, shi ya ɗora masa takardar wanda ya mutu, baƙon nan ɗan haya ne kawai, ganye yake kawowa. Ta rubuta.

Tunda takarda ɗaya ta zama ta ƙarya, dole su duba ko ina. Namijin ya zagaya bayan tanki, ya fito da bahon Mai Zane.

Tsohon ya juya wajen macen mai kaki yana roƙo. Ya ce mata tun kafin a haife ta yake tare da shi. Ya ce ba ya ci a hannun kowa. Ayi ta hau tana faɗa tana nuna hoton aurensu da ta ciro daga bango, wai ga bahon a bayansu. Mai kakin ta saurare su har ƙarshe. Ta ce ta yarda da duk abin da suka faɗa, amma irin wannan ya kusa ƙarewa a daji, kuma ta riga ta gani, ba yadda za ta yi ta ce ba ta gani ba. Za a kai su wurin da ake kula da irinsu a bayan gari, zai iya neman izinin ziyara. Saboda shekarunsa da kuma bai yi musu ba, takardar gargaɗi za ta sa ya sa wa hannu. Ta bar shi ya sauko da Mai Zane da kansa, a cikin tawul, har mota. Ɗan Kano kuwa sai da mutum biyu suka kama. Ina tsaye da ganye a hannu, ko ƙofa ban riƙe musu ba.

Da Alhaji ya dawo ya ji, bai yi min tsiya ba, wannan ya fi min ciwo. Ya ce, "Tashi ka hau ka ba bawan Allah nan haƙuri."

Na ce, "Gobe."

Goben ta yi na ce jibi. Na koma sauraren matakala kafin in buɗe ƙofa, in na ji tarinsa sai in koma ciki. Sau biyu na tarar da ledar lemo rataye a ƙofarmu, na san daga inda ta fito, na bar wa Alhaji ya shanye. Da wata ya ƙare na sami ɗaki a wata unguwa can nesa, na kwashe kayana lokacin da na san ya kai Ayi asibiti, na bar mukulli wajen Alhaji. Shekara biyu ko Xiaobei, yankin da Dengfeng take ciki, na zo cin abinci ba na bi ta bakin lungun.

Kasuwa ta ja baya, mutanenmu suka yi ta komawa gida, ni ma na fara shirin tafiya gaba ɗaya. Ana saura kwana goma Alhaji ya kira ni.

"Bakano, tsohonka zai tashi. Ƙafar matar ba ta iya benen, za su koma wajen ɗansu a Nansha. In kana da sauran kunya ka kawo ta yau."

Na je bayan azahar. Lungun ya yi shiru, rabin shagunan wayar sun koma na wasu abubuwa. Na hau hawa shidan nan ina tsayawa a kowane. Ayi ce ta buɗe. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka yi ƙiba." Ta nuna sama da haɓa ta koma ciki.

Yana kan soron yana zubar da ruwan bahuna. Sauran kunkurayen ya riga ya raba wa abokai. Ya ƙara ramewa. Da ya gan ni ya ajiye bahon, ya ce, "Fangyo," kamar jiya muka rabu, ya jawo min kujera.

Ni na fara tambaya, don ban san ta inda zan fara nawa ba. Ya ce Ɗan Kano na nan lafiya, ya zama ƙato, yana wani fili da 'yan'uwansa, ma'aikatan na kuka da shi yana ture musu shinge. Mai Zane kuwa wata biyar ya yi. Sun kula da shi iyakar iyawarsu, har likita aka kawo masa, amma ya ƙi ci. An ba Lawban izinin zuwa sau ɗaya a wata, bas biyu yake hawa, ya tafi da jatan landensa da tsinkensa. Duk ranar da ya je sai Mai Zane ya ci. Zuwa na biyar aka tare shi a ƙofa aka gaya masa Mai Zane ya mutu.

Na ce, "Lawban, ni na ɗauki bidiyon. Ka hana ni, na ɗauka."

"Na sani. Matar nan mai kaki ta nuna min. Na san hannunka."

"Kuma ranar ina jin abin da take faɗa. Duk na ji."

"Har ita ta san kana ji." Ya ɗan yi murmushi. "Faransanci!"

"Da na yi magana..."

Ya katse ni da hannu. Ya ce da na yi magana da an tafi da ni, kuma da an leƙa bayan tankin duk da haka. Ya ce yana tsaye yana roƙon in yi shiru, da na yi shirun har daɗi ya ji. Ya ce shi ma da laifinsa, ya karɓi abin da ya san bai kamata ya karɓa ba, ya kuma yi ta jiran sanyi ya wuce.

Ya juya murfin buta a hannu. Sannan ya ce, "Amma washegari na dafa shayi. Na ɗauka za ka hau. Ba kowa a nan, su abokaina tsoro ya hana su zuwa. Sati uku ina dafawa."

Na shirya amsar laifin kunkuru da na bidiyo da na ƙarya tun a mota. Wannan ban shirya masa komai ba. Na ce ya yafe min, da Sinanci, na sake faɗa da Hausa don na Sinancin ya yi min kaɗan. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙe ya dubi bahunan da katakon, ya ce mai motar kwashe kaya zai zo ƙarfe huɗu, shi kuma bayansa ba ya ɗaukar nauyi yanzu.

Na cire riga ta sama na rataye a ƙofa. Sawu goma sha ɗaya na yi tsakanin soron da bakin lungu, yana zaune a saman matakala yana gaya min wanda zan fara ɗauka, Ayi na leƙowa tana cewa kada in goga mata bango. Da motar ta zo muka loda, ya shiga gaba kusa da direba don ya nuna masa hanya. Ya sauke gilashi ya tambaye ni ranar jirgina, na gaya masa. Ya ce in gaida mahaifiyata.